Kun Tambaya, Mun Amsa: Jiran Tsohon Fim Mai Faɗi da Aka Gyara

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu guda suka taru. Labari ya iso Maradi cewa an gyara Sholay, fim ɗin Indiya na 1975, kuma masu sonsa sun ƙagara su gan shi. Mun zaɓi wasiƙu shida, masu aikin majigi da adana fim na wannan shafi suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu dattawa ne ƴan majalisa ɗaya, dukanmu mun kalli Sholay a sinima muna samari. Jikokinmu sun ce an gyara shi a Turai, wai shekaru aka ɗauka. Fim ɗin da aka gama tun tuni, me ake yi masa har shekaru? Kuma shi ne dai wanda muka sani, ko wani aka sake?
Daga wani dattijo, Sabon Gari, Maradi

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Shi ne dai wanda Ramesh Sippy ya shirya, wanda ya fito ran 15 ga Agusta 1975, da Amitabh Bachchan da Dharmendra da Amjad Khan. Ba a sake ɗaukar ko hoto ɗaya ba. Wata gidauniyar adana fina-finai ta birnin Mumbai ce ta jagoranci aikin tare da kamfanin iyalan Sippy, aka yi shi a ɗakin gyaran fim na Bolonya a Italiya. A can aka fara nuna shi a filin gari a watan Yunin 2025, a Satumba kuma aka kai shi bikin fina-finai na Toronto.

Babban abin da zai bambanta da abin da kuka gani shi ne ƙarshen fim ɗin. Ƙarshen da kuka sani, inda ƴan sanda ke isowa su kama Gabbar, shugaban ƴan fashi, hukumar tace fina-finai ce ta tilasta shi a zamanin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi. A yadda mai fim ya fara ɗauka, Thakur, tsohon ɗan sandan da Gabbar ya kashe wa iyali, shi ne ke kashe Gabbar. Wannan ƙarshen aka mayar. Cikakken fim ɗin minti 204 ne, wanda aka tace kuma 198.

Lissafi kaɗai ya isa ya nuna dalilin jinkirin. Fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, saboda haka minti 204 hoto 293,760 ke nan, a kan zaren fim mai tsawon kilomita biyar da rabi da ɗoriya. Kowane hoto sai ido ya bi ta kansa.

Aikin farko, wanda ya fi cin lokaci, neman kaya ne. Fim yana da zuriya. Akwai nagatif, zaren da ya ratsa cikin kyamara ranar ɗauka. Daga shi ake buga kwafin tsakiya, daga wannan a buga nagatif na biyu, sannan a buga ɗaruruwan kwafin da ake rabawa gidajen sinima. Kowane mataki yana rage kaifin hoto yana ƙara duhu, don haka mai gyara kullum nagatif na fari yake nema. Na Sholay an same shi ya lalace ƙwarai, tsami ya ci shi, sai aka dogara ga kwafin tsakiya da aka gano a Landan da Mumbai.

Daga nan sai aikin hannu. Ana warware kowane naɗi a hankali a kan tebur, a liƙe ramukan gefe da suka yage, a sake mahaɗar da manninta ya saki, a wanke zaren cikin injin da ke girgiza ruwan magani don ya fidda ƙura. Tsohon zare yana tsukewa. In tsukewar ta wuce kashi 1 cikin 100, haƙoran inji ba sa dacewa da ramukan, sai su yayyaga shi, shi ya sa ake sa shi a sikana marar haƙori mai jan zare da robobi. Ƙarzuwar da ke bayan zare ana ɓoye ta da dabara: a ratsa da shi cikin wani ruwa mai karya haske daidai da robar fim, ruwan ya cike ramin, kyamarar sikana ta daina ganinsa. Amma in ƙarzuwar a fuskar da hoto yake ce, hoton ya tafi, sai a ciko gurbin a kwamfuta daga hoton da ke gaba da na baya.

Hoto ɗaya da aka ɗauka a ma'aunin 4K, wato mai ɗigo wajen dubu huɗu a faɗinsa, yakan ci megabait 50 zuwa 76. A fim mai wannan tsawo, terabait 15 zuwa 22 ke nan kafin a taɓa komai. Sai cire tabo da ƙura, tsayar da rawar hoto, daidaita launi fage bayan fage, sannan sauti, wanda shi ma da nasa zaren daban. A ƙarshe a adana sakamakon a kaset ɗin ajiya na musamman a wurare fiye da ɗaya.

A al'adar wannan sana'a, bukukuwan fim ne ke fara gani, sai gidajen sinima, sannan faifai da intanet, kuma tsakanin kowanne watanni ne. Ku ƙara haƙuri, Baba. Wanda ya cancanci a jira shi ne wanda ya fito daga hannun masu fim ɗin.

TAMBAYA: Ina da gidan kallo. Duk ranar da na sa tsohon fim mai baƙin layi sama da ƙasa, ƴan kallo sai su ce an cuce su, hoto bai cika tele ba, sai na danna rimot ya cika. An ce gyararren ma da layukan zai zo. To ina amfanin gyaran?
Daga mai gidan kallo, unguwar Zariya, Maradi

AMSA: Ɗan'uwa, don Allah ka bar maɓallin nan. Tele ta yanzu faɗinta ya ninka tsayinta sau 1.78. Gyararren Sholay faɗinsa ya ninka tsayinsa sau 2.2, wato siffar kwafin milimita 70 da aka buga masa a 1975. Hoton da ya fi tele faɗi, in ana son ya shiga duka, dole a sami sarari sama da ƙasa. A tele mai layi 1080, hoton zai ci layi 872, ya bar 104 sama, 104 ƙasa. Babu abin da layukan suka rufe.

Rimot ɗinka abu biyu yake iya yi, kuma dukansu ɓarna ne. In ka jawo hoto kusa, ka yanke kashi 19 cikin 100 na faɗinsa. A fim mai siffar 2.35, kashi 24 ne ke tafiya. In kuma ka miƙe shi sama, mutane su zama dogaye sirara, ƙafar keke ta koma ƙwai. A tsohuwar tele mai kusan murabba'i abin ya fi muni, don fim mai 2.35 yana rasa kashi 43. Masu kaset na da suna bin mai magana ne da hoto, su yanke wanda ake yi wa maganar, alhali mai fim ya ajiye su biyun a gefe da gefe ne da niyya, don mai kallo ya ga fuskar mai sauraro.

Faɗin nan ba haka kawai ya zo ba. Talabijin ce ta kwashe wa gidajen sinima na Amurka jama'a, sai suka nemi abin da akwatin gida ba zai iya ba. A 1952 aka fito da Cinerama mai majigi uku a jere. A 1953 kamfanin Fox ya kawo CinemaScope, bisa gilashin da Bafaranshe Henri Chrétien ya ƙera tun shekarun 1920, wanda ke matse faɗin hoto ya koma rabi a kan zaren milimita 35, majigi kuma ya warware shi. A 1955 Todd-AO ya zo da nagatif mai milimita 65, ana buga shi a kan 70, ƙarin 5 ɗin na layukan sauti shida ne.

Sholay yana da wani sirri da zai iya jawo maka gardama a gidan kallo. Da kyamarar milimita 35 aka ɗauke shi, a cikakken gurbi mai kusan murabba'i, amma mai ɗauka Dwarka Divecha yana auna komai da alamar gurbi mai faɗi da aka zana a gilashin leƙensa. Saboda haka akwai tsofaffin kwafi masu nuna ƙarin sarari bisa kawunan mutane da ƙarƙashin ƙafafunsu. Wani zai rantse maka cewa sabon ne aka yanke. Ka gaya masa wancan sararin ba a tsara shi don a gani a babban allo ba.

Dabarar da za ta kashe ƙorafin mai sauƙi ce. Ka yanko kwali ko baƙin yadi marar sheƙi guda biyu daidai faɗin layukan, ka rufe su, ka kashe fitilar da ke fuskantar tele. In ido bai ga toka-tokan layukan ba, mantawa yake da su. A tele mai inci 55 kowane layi wajen santimita 6 da rabi ne.

TAMBAYA: An tura min fim ɗin a memori, an rubuta 4K, girmansa megabait 700. Fuskoki sumul, babu ɗigo-ɗigo. Shi ne gyararren?
Daga wata ɗaliba, Tasawa

AMSA: A'a, ƙanwata. Raba megabait 700 a kan minti 204, za ki samu ƙasa da rabin megabit a daƙiƙa. Faifan Blu-ray na yau da kullum yakan ba da megabit 20 zuwa 30, faifan 4K kuma gigabait 66 ko 100 yake ɗauka. Abin da aka ba ki tsohon kwafi ne aka hura da manhaja.

Sumul ɗin da ya burge ki shi ne alamar. Hoton fim daga ƙananan ƙwayoyin sinadari yake haɗuwa, kuma ƙwayoyin suna motsi daga hoto zuwa hoto. Gyaran kirki yana barin su. Manhajar da ta share su takan tafi da ramukan fata, da zaren tufafi, da tsakuwar dutse, ta ƙirƙiro haƙora da idanun da ba na mai su ba ga mutanen da ke nesa. Ki duba fuskokin taron jama'a a bayan fage, nan asiri ke tonuwa. Ki duba tsawonsa kuma: kwafin da ya biyo ta tsarin talabijin mai hoto 25 a daƙiƙa yana gudu da kashi 4 cikin 100, minti 204 ya koma 196, muryoyi da waƙoƙi su ɗan yi sama. Gyararre na gaskiya yakan buɗe da rubutun da ke faɗin wanda ya yi aikin da kayan da aka yi amfani da su.

TAMBAYA: Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin majigi. Ya bar gwangwanayen fim sun fi talatin a ɗakin ajiya mai rufin kwano. Wasu in an buɗe sai wari mai tsami ya bugi mutum, wani kuma da na ɗaga a rana hoton duk ja ne. A zubar, ko akwai abin yi?
Daga wani magidanci, Tibiri

AMSA: Amin, Allah ya jiƙansa da rahama. Malam, kada ka zubar da ko ɗaya tukuna, amma ka fidda su daga ɗakin nan a makon nan.

Warin, irin na ruwan khal, robar fim ɗin ce ke ruɓewa. Daga wajen 1950 zuwa shekarun 1990 da robar asitat ake yin zaren. Zafi da laima suna sa ta saki asid, asid ɗin kuma yana hanzarta ruɓewar, abin ya riƙa ciyar da kansa. Zare ya tsuke, ya lanƙwashe, ya yi tauri, daga baya hoton ya ɓare daga jikinsa. Ba ya warkewa, rage masa gudu kawai ake yi. A Indiya aka fara lura da cutar saboda zafinta da laimarta, kuma ɗakin kwano a Maradi, da zafin Afrilu da Mayu mai wuce digiri 40 da laimar Agusta, irin wannan yanayin ne. Manyan ma'ajiyai suna riƙe fim mai launi a digiri 2 zuwa 5, laima kashi 30 zuwa 40. Duk saukar digiri 5 ko 6 tana kusan ninka rayuwar zare.

Ga yadda za ka yi. Ka buɗe su a inuwa inda iska ke kaɗawa, ba ranar ƙurar hunturu ba, da safar hannu, kada ka kai hanci bakin gwangwani. Masu wari gefe ɗaya, marasa wari wani ɗakin daban, don tururin asid yana kama na ƙalau. Ka cire takarda, jarida, leda da robar ɗauri daga ciki. Gwangwanin da ya yi tsatsa a canza shi. A jera su kwance, kada tsibi ya wuce shida zuwa takwas, a kan katako sama da ƙasa da kamu biyu saboda ruwa da gara. Ɗakin ƙasa na tsakiyar gida ya fi na siminti mai kwano nesa ba kusa ba. Kada ka sa su a firjin da wuta ke ɗaukewa tana dawowa, don raɓar da ke sauka duk sanda ya huce ta fi zafin illa. Kada ka wanke da ruwa ko fetur, kuma kada ka ɗora tsukakken zare a majigi ko sau ɗaya.

Ka duba rubutun bakin zaren. In ka ga kalmar NITRATE a fim mai milimita 35, na kafin 1952 ne, yana kamawa da wuta da kansa in zafi ya yi yawa, kuma ruwa ba ya kashe shi. Wannan a nisanta shi da ɗakin kwana nan take. Mai milimita 16 ba shi da wannan haɗarin.

Jan launin kuwa, rini uku ne a kwafin: shuɗi-kore, rawaya da ja-shunayya. Biyun farko ne ke fara kodewa, na ukun ya saura. Sai wajen 1982 aka fara yin irin wannan zaren da rinin da ke jurewa. In akwai ragowar rinin, ana iya ɗago shi a kwamfuta.

Ka rubuta sunan da ke kan kowane gwangwani, faɗin zaren da lambar naɗi. Kwafin fim ɗin Indiya ko na Amurka akwai irinsa a wani wuri. Amma in ka ci karo da wanda aka ɗauka a nan, hawan salla, ko kokawa, ko cinikin gyaɗa, mai yiwuwa shi kaɗai ya rage a duniya, kuma shi za a fara ceta. Ka kai jerin ga Cibiyar Sinima ta Ƙasa a Yamai.

TAMBAYA: Muna so mu nuna wa ɗalibai da iyaye a filin makaranta in ya fito. Wane girman allo, wane irin majigi?
Daga wani malamin makaranta, Madarunfa

AMSA: Malam, a ɗinka farin yadi marar sheƙi mai faɗin mita 4.40 da tsayin mita 2, a yi masa baƙin baki na santimita 25 sama da ƙasa, a sa baƙin yadi a bayansa don kada haske ya zube. A ɗaure shi tamau a firam, iska na kaɗa shi hoto zai yi ta fita daga saiti. Ƙasan hoton ya tashi mita 1.20 daga ƙasa.

Hasken da sinima ke bi kandela 48 ne a murabba'in mita, wanda a wannan allon yake neman lumen 1,650 na gaske (lumen shi ne ma'aunin hasken da majigi ke fitarwa). Majigi in an sa shi a yanayin sinima yakan ba da wajen rabin abin da aka rubuta a kwalinsa, don haka a nemi mai lumen 3,300 ko fiye, mai ɗigon hoto 1920 a faɗi da 1080 a tsayi na asali. Galibin irinsu mita 6 zuwa 7 suke so daga allo. A daidaita shi da tsakiyar allo da katako, kada a dogara da maɓallin gyaran karkata, yana cin kaifin hoto. Layin farko na zama ya fara daga mita 4 da rabi. A kashe saitin santsin motsi da na rage ɗigo.

Sauti ne ke yawan kunyata mutane. A tsarin lasifika shida, magana ta lasifikar tsakiya take fita. In kun haɗa biyu kawai ba ku umarci na'urar ta haɗe sautin zuwa sitiriyo ba, kiɗa zai yi ta tashi, baki na motsi ba murya. A gwada da rana. A sa na'urar riƙe wuta tsakanin injin wuta da majigi, domin fitilar majigi tana buƙatar fankarta ta ci gaba da juyawa bayan an kashe. A fara bayan sallar isha'i, a huta a tsakiya inda fim ɗin kansa ya tsaya. Faifan gida kuma bai ba da izinin nuna wa taro ba, sai an nemi wannan daban wajen masu haƙƙin.

TAMBAYA: Na Indiya an gyara. Namu fa? Na kalli Sarauniya a wani kwafi da sojoji rabinsu a waje suke.
Daga wata malama, Gidan Rumji

AMSA: Malama, kin taɓo inda ke mana ciwo. Fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ya ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani, da faɗin sinima aka ɗauke shi, a Burkina Faso, kuma shi ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1987. Labarin namu ne har gida, don ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine da ya auka wa Lugu, garin Sarauniya, a 1899 a nan jiharmu ya watse, wajen Ɗankori da Maijirgi. Kwafin da ya cika tsohuwar tele ya zubar da fiye da kashi 40 na fagen yaƙin.

Ana yin aikin, ko da yake a hankali. A 2017 gidauniyar Martin Scorsese da UNESCO da ƙungiyar masu shirya fim ta Afirka da ma'ajiyar Bolonya suka ƙulla shirin gyara fina-finan Afirka 50, suka fara da Soleil Ô na shi Med Hondo. Shaihu Umar, fim ɗin Hausa na Adamu Halilu na 1976, an gano zarensa a Najeriya a 2016, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna a bikin Balin a 2018.

Cikas uku ne ke maimaituwa. Nagatif ɗin yawancin fina-finan ƙasashenmu yana ɗakunan wanki na Faransa inda aka wanke su, wasu ɗakunan sun rufe, kayan sun canza hannu. Sai sanin mai haƙƙi bayan mai fim ya rasu, don babu mai taɓa nagatif ba da sa hannunsa ba. Sai kuɗi. Ajiyar gida ma tana da nata haɗari: ambaliyar 1 ga Satumba 2009 ta shiga ma'ajiyar fina-finan Afirka ta Wagadugu, ta jiƙa kwafi masu yawa. Iyalan masu fim su nemo takardun kwangila da rasiɗan ɗakin wanki, domin lambar da ke jikin rasiɗin ita ake bi a gano inda nagatif yake.